Tambaya da Amsa: Yadda Tsutsa Ke Haɗiyar Abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a karkarar Ringim, ina kuma ɗan kiwon tumaki. An ce allurar ivermectin tana hana tsutsar ciki cin abinci. To wai ita tsutsa yaya take ci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An fi sanin wannan daga wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, tsawonta kamar milimita 1, abincinta bakteriya. Jikinta garau ne, ana ganin maƙogwaronta yana aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Maƙogwaron bututu ne mai ƙwayoyin tsoka 20 da na jijiya 20. Yana da gaba mai faɗi, sai siririn wuya, sai ƙululu a ƙarshe wanda ke da wani abu kamar dutsen niƙa. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne: in tsokar ta ɗaure, buɗewa bututun yake yi, domin tana janyo bangonsa waje ne ta fuska uku, kamar mutum uku sun ja bakin buhu. Ruwa mai bakteriya ya shigo. Da ta saki, bututun ya tsuke ya furzar da ruwan, bakteriyar ta maƙale. In abinci ya wadata, tana haka sau 200 zuwa 300 a minti ɗaya.

Wuyan kuwa ba ya bin wannan sauri. Sai bayan zuƙa kamar huɗu yake tura abin da ya taru zuwa ƙululu, a niƙe, a wuce da shi hanji. Jijiya ɗaya, M4, ke ba da wannan umarni. In aka kashe ta, gaban ya cika maƙil, jaririyar tsutsa ta daina girma ga abinci a bakinta. Jijiyar MC ke ƙara sauri, M3 kuma ke sa tsoka ta saki.

Ivermectin yana buɗe wata 'yar ƙofa ce a jikin ƙwayar tsoka, wadda M3 ke amfani da ita wajen sa tsokar ta saki, ya bar ta a buɗe, tsokar ta shanye, zuƙa ta tsaya. Haka yake yi wa tsutsar da ke shan jini a tumbin tumaki.

A aikace, awon shi ne miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin dabba. Masu kintata nauyi da ido suna yawan rage awo, tsutsotsi masu juriya su tsira su hayayyafa. Kuma ba ya kashe tsutsar hanta, wannan maganinta daban ne, sai a tuntuɓi malamin dabbobi.