Dashen Rododendron a Ƙarƙashin Itatuwa: Me Ya Sa Ganyensa Ya Koma Ruwan Ɗorawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma a bayan gidanmu akwai manyan itatuwa masu inuwa. Bara na dasa ƙananan itatuwan fure da ake kira rododendron guda uku, irin na ƙasar nan da ba ya kaɗe ganye, na zuba musu toka da taki kamar yadda muke yi a gida. Yanzu ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa, da sanyi ya tsananta kuma sai ya nannaɗe ya rataya. Mutuwa suke yi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Nannaɗewar ganyen kada ta tayar maka da hankali. Irin da ka siffanta, wanda masana ke kira Rhododendron maximum, ɗan asalin tsaunukan Apalachiya na gabashin Amurka ne, kuma tun 1903 jihar West Virginia ta ɗauke shi a matsayin furenta. Idan sanyi ya kai ga daskarar da ruwa, dogon ganyen nan mai kauri kamar fata yakan nannaɗe kamar tabarma ya sunkuya ƙasa, da zarar iska ta yi ɗumi kuma sai ya buɗe ya miƙe. Ɗabi'arsa ce, lafiyayye ma haka yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tokar. Wannan tsiro yana son ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 4.5 da 5.5, alhali aikin toka shi ne kashe tsamin ƙasa, kamar dai yadda kanwa ke kashe tsamin tsamiya a kunu. Idan tsamin ya ragu, saiwar ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da yana nan a cikin ƙasar. Ka ɗauki ganye ɗaya daga cikin sababbi ka duba da kyau: idan jijiyoyinsa kore ne shar amma tsakaninsu ya yi ɗorawa, to wannan ce cutar. Ka kwashe tokar da ta rage, ka kai ƙasar a gwada, sannan ka barbaɗa garin farar wuta daidai da abin da gwajin ya nuna. Gyaran yakan ɗauki watanni, don haka sai an yi haƙuri. Haka nan idan dashen yana kusa da harsashin gini, simintin kansa yana rage tsamin ƙasa.

Sai kuma zurfin dashe. Saiwar rododendron siriri ce kamar zare, kuma a saman ƙasa take yaɗuwa, saboda haka ɗaga masa ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa dawa shaƙe shi ne, sa fartanya a kusa da shi kuma yanke masa saiwa ne. Ya kamata saman dunƙulen saiwar ya ɗan ɗara ƙasar da ke kewaye, musamman a wuri mai laka, domin ruwan da ya kwanta yana jawo ruɓewar saiwa, wadda da wuya tsiro ya tashi daga gare ta. Ka rufe gindin da busassun ganyen itatuwan da ke wurin ko ɓawon itacen fayin (pine, mai ganye kamar allura), kaurin kamar santimita 5 zuwa 8, ba tare da sun taɓa kara ba. A dajinsa na asali, ruɓaɓɓen ganyen nan shi ne abincinsa, shi ya sa taki mai yawa ba ya ƙara masa komai.

Inuwar gidanka ta dace da shi, domin yana cikin ire-iren da suka fi jure duhun daji, sai dai inda rana ke ɗan ratsowa ya fi yin fure. Farin furensa mai ɗan ja-ja yana buɗewa a watan Yuni zuwa Yuli, kuma a ƙarshen bazarar yake ƙulla tohon furen baɗi, don haka duk wani datsa a yi shi da zarar fure ya zube. Ka shayar da shi sosai kafin ƙasa ta daskare. Idan akwai ƙananan yara a gidan, ko kana kiwon awaki ko tumaki, a tsare su daga gare shi, domin ganyen da furen duka suna da guba.