Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Shiga Jami'a Ke Girgiza Imanin Ɗalibi da Manufar Rayuwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a jami'a. Na taso a gidan da ake riƙo da addini, kuma kafin in samu gurbin karatu ban taɓa tambayar kaina dalilin abin da nake yi ba. Yanzu ina cuɗanya da masu aƙidu daban-daban, ina jin hujjojin da ban taɓa ji ba, wani lokaci ma nakan wayi gari ban san abin da ya kai ni fannin da nake karantawa ba. Shin imanina ne ya yi rauni? Kuma ta yaya ɗalibi ke gano manufar rayuwarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka bayyana mataki ne na girma da ɗalibai da yawa ke ratsawa, ko da yake inda zai kai ka ya danganta da yadda ka tafiyar da shi. Tambayoyinka biyu tushensu ɗaya ne, domin kana ƙaura ne daga abin da aka miƙa maka tun kana yaro zuwa abin da za ka riƙe da saninka da zaɓinka, kuma irin wannan ƙaura ba ta rasa ɗan rikicewa.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. William Perry, wanda ya shafe shekaru yana tattaunawa da ɗaliban Jami'ar Harvard kafin ya wallafa sakamakonsa a 1970, ya lura cewa sabon ɗalibi kan shigo da tunanin cewa kowace tambaya tana da amsa ɗaya tak, kuma amsar tana hannun malami. Idan ya ga manyan malamai biyu sun saɓa a kan mas'ala guda, kowannensu da hujjarsa, sai ya koma kishiyar tunaninsa na farko, ya ce ai kowa da ra'ayinsa, babu wanda ya fi wani gaskiya. Sai daga baya yake fahimtar cewa hujjoji suna da nauyi daban-daban, kuma mai hankali yana iya tsayawa a kan matsaya guda alhali ya san akwai masu saɓa masa. A fahimtata kana tsakiyar wannan tafiya ne, kuma tsakiyar ce ta fi ɗaci, saboda tsohon tabbaci ya sassauta, sabo kuwa bai riga ya kafu ba.

James Fowler ya yi irin wannan nazari a kan imani kansa, ya kuma fitar da shi a 1981. Ya ce matashi kan riƙe imanin mutanen da yake ƙauna kuma yake girmamawa ba tare da ya taɓa ɗaga shi ya duba ba, sannan a farkon manyanta wasu sukan fara bincikensa har ya zama nasu na ƙashin kansu. Ina amfana da wannan bayani, amma ban yarda a mayar da shi ma'aunin daraja ba. Akwai dattawan da ba su taɓa shiga ruɗanin shakka ba, kuma imaninsu ya fi na masu digiri da yawa zurfi da tasiri a halinsu. Amfanin bayanin a wurinka shi ne ya nuna maka cewa tambaya ba ita ce ficewa ba.

Tarihi ma ya shaida haka tun kafin a san waɗannan masana. Imam Gazali ya ba da labarin kansa cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kiristoci kan taso Kiristoci, 'ya'yan Yahudawa su taso Yahudawa, 'ya'yan Musulmi su taso Musulmi, kuma wannan ya sa ya ƙi gamsuwa da kwaikwayo kawai, ya shiga neman tabbaci. A 1095, yana kan ganiyar shahararsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, damuwar zuci ta kai shi ga kasa koyarwa, har ya bar muƙaminsa ya fice daga birnin. Manyan ayyukansa da ake karantawa har yau a kan gyaran zuciya sun biyo bayan wannan girgiza ne.

To amma ba kowace girgiza ce ke ƙarewa da alheri ba, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa. A 1966 James Marcia ya kawo wata hanya mai sauƙi ta auna matsayin matashi da tambayoyi biyu: shin ya yi bincike, kuma shin ya ɗauki matsaya? Daga nan ake samun mutum huɗu. Akwai wanda ya ɗauki matsaya bai bincika ba, kamar yadda kake kafin ka shiga jami'a. Akwai wanda yake tsaka da bincike bai yanke hukunci ba tukuna, wato kai a yau. Akwai wanda ya bincika sannan ya tsaya a kan abin da ya gamsu da shi. Na huɗun kuwa bai bincika ba, bai kuma tsaya a kan komai ba, duk inda iska ta kaɗa nan yake bi. Iyaye da malamai sukan fi tsorata da na biyu saboda shi ne ke yin tambayoyi masu tayar da hankali, alhali na huɗu ne ya fi cancantar a ji masa tsoro, domin shi ba ya damuwa balle ya nemi mafita. Haɗarin da ke gabanka shi ne gajiya ta sa ka zame daga matsayi na biyu zuwa na huɗu, ka daina tambaya ba don ka samu amsa ba sai don ka daina kula.

Wani babban bincike da Alexander Astin da Helen Astin da Jennifer Lindholm suka jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelos ya ƙara haske a kan wannan. Sun tambayi sababbin ɗalibai sama da 112,000 a Amurka a 2004, sannan suka sake bibiyar fiye da 14,000 daga cikinsu a 2007. Sun gano cewa halartar wuraren ibada ta ragu ƙwarai a cikin waɗannan shekaru, amma neman ma'anar rayuwa da kula da halin da wasu ke ciki sun ƙaru. Ɗaliban Amurka ne aka nazarta, don haka ba za a ɗora sakamakon a kan kowace al'umma kai-tsaye ba, sai dai darasin da ke ciki yana da faɗi. Sau da yawa abin da ke sa ibadar ɗalibi ta yi sanyi ba wata hujja ba ce da ta rinjaye shi a aji. Tsarin da ke ɗauke da shi ne ya gushe: babu mai tashinsa, babu mai tambayarsa, lokutan barcinsa sun hargitse, abokan da yake tafiya da su sun watse. Sai ya ɗauki sanyin jiki a matsayin shakka, alhali abubuwa biyu ne mabambanta kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka shawarata ita ce kada ka jingine ibada har sai ka warware kowace tambaya, domin wanda ya yi haka yakan wayi gari ya rasa aikin bai kuma samu amsar ba.

Game da manufa, William Damon na Jami'ar Stanford ya bayyana ta a matsayin tabbatacciyar niyya ta cimma wani abu da ke da ma'ana ga mutum kuma yake da amfani ga wasu bayan shi kansa. A bincikensa da ya fito a 2008, kusan matashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya tarar yana da irin wannan manufa a fili. Sauran sun haɗa da masu buri ba aiki, da masu taɓa wannan su taɓa wancan ba tare da sun daɗe a ko'ina ba, da waɗanda ba ruwansu da komai. Kenan rashin sanin manufarka a shekara ta biyu ba abin kunya ba ne. Abin lura a ma'anar da Damon ya bayar shi ne sashen ƙarshe, wato amfanin wasu. Samun aiki mai albashi buri ne mai kyau, amma ba ya amsa tambayar da ke damunka da safe, saboda ita tana neman sanin wa zai amfana da wahalar da kake sha.

Ita kuwa manufa ba a cika samunta a zaune ana tunani ba. Yawanci takan ɓullo ne idan mutum ya ci karo da wata buƙata ta gaske a wajen kansa, ya ga cewa yana da abin da zai iya bayarwa, sannan wani babba ya lura da hakan ya ƙarfafa masa gwiwa. Binciken su Astin ya nuna cewa aikin sa-kai, da keɓe lokaci don tunani a kan kai, da samun malaman da ke ƙarfafa ɗalibai su tattauna ma'anar rayuwa suna cikin abubuwan da suka fi taimakawa. Don haka ka zaɓi aiki guda na taimakon mutane, ko koyar da ƙananan ɗalibai ne ko hidima ga marasa lafiya, ka daure a kansa tsawon zangon karatu guda aƙalla, ka lura da abin da ke ƙara maka kuzari da abin da ke tsotse shi.

Ka kuma nemi wanda za ka kai wa tambayoyinka na addini, mai ilimi mai haƙuri wanda ba ya firgita da tambaya kuma ba ya jin nauyin cewa bai sani ba. Gajerun bidiyoyin intanet sun ƙware wajen jefa shakka cikin minti ɗaya, amma warware ta kan buƙaci karatu na watanni. Ka yi hattara da duk ƙungiyar da ta ba ka amsar komai a zama guda sannan ta nemi ka yanke hulɗa da iyayenka da tsofaffin abokanka, domin irin waɗannan sun fi farautar ɗalibai a daidai halin da kake ciki.

Akwai kuma iyakar da ya kamata ka sani. Idan wannan yanayi ya zo da rashin barci, da ƙin cin abinci, da daina jin daɗin komai har tsawon mako biyu ko fiye, ko tunanin cutar da kanka, to lamarin ya wuce neman ma'ana, ka garzaya sashen ba da shawara ko asibitin jami'arku.

Fannin karatunka kuwa, kada ka yi gaggawar sauya shi a wannan hali. Ka fara zama da mutum biyu ko uku da suka daɗe suna aiki da wannan ilimi, ka tambaye su yadda ranarsu take tafiya da kuma irin mutanen da aikin nasu ke amfanarwa. Idan bayan haka, da kuma bayan zangon aikin sa-kan da na ambata, har yanzu zuciyarka ba ta wurin, sai ka tattauna batun sauyi da mai ba ka shawara a sashenku da kuma iyayenka. Allah ya yi maka jagora.