Tambaya da Amsa: Na tura kuɗin ritaya sun wuce ƙa'ida, wai za a ci ni tara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni injiniya ne, na yi shekaru ina aiki a Kanada kafin Allah ya kawo ni wani kamfani nan Jidda, na kwaso iyalina gaba ɗaya muka dawo nan da zama. Toh a can ina da asusun ajiyar ritaya wanda suke kira RRSP, bara a watan Maris da kuɗi suka ɗan taru min sai na tura dala 15,000 ciki lokaci ɗaya, a tunanina tanadin tsufa nake yi. Yanzu lokacin cike takardun haraji ya zo wani abokina yake ce min wai na wuce iyaka kuma tara ce ke hawa kaina duk wata, da na duba takardar ƙarshe da hukumar harajin can ta aiko min sai na ga gurbin da ya rage min dala 5,000 ne kawai. Dan Allah yaya abin yake? Kuɗina ne fa, gumina, ta yaya za a ci mutum tara don ya yi ajiya?
Daga wani injiniya, Jidda.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, kuma ka gode masa don da yawa sai wasiƙar tara ta iso suke sani.

Kuɗinka ne, babu musu. Amma shi RRSP ba asusun banki ba ne irin wanda aka saba, yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnatin Kanada: abin da ka zuba ana cire shi daga kuɗin shigarka kafin a lissafa haraji, ribar da ke taruwa ciki ma ba a taɓa ta sai ranar da ka zo cira. Tunda rangwame suke maka dole su sa iyaka, in ba haka ba masu hali su juye dukiyarsu kaf a ciki su tsere wa haraji. Iyakar ita ce kashi 18 cikin 100 na abin da ka samu ta hanyar aiki a shekarar da ta gabata, kuma shi ma yana da rufi, dala 31,560 a 2024, dala 32,490 a 2025. Gurbin da ba ka cike ba yana bin ka zuwa shekarun gaba, shi ne wannan dala 5,000 ɗin da ka gani a takardar hukumar harajin Kanada, wato CRA.

Ga lissafinka. Ka tura 15,000 gurbinka 5,000, ka wuce da 10,000 kenan. Doka ta yi sassauci na dala 2,000 wanda ba a cin tara a kai (amma fa ba za ka samu rangwamen haraji da su ba), saura 8,000. A kan waɗannan ne ake cin kashi 1 cikin 100 duk wata, dala 80 kenan, daga Maris zuwa Disamba wata 10, dala 800. Kuma ba ta tsaya ba, Janairun bana ta ci, Fabrairu ta ci, duk ƙarshen watan da ya riski kuɗin nan a ciki sai ta ƙara.

Inda ya fi damuna a lamarinka shi ne wannan, ka karanta da kyau. Wanda ke zaune a Kanada yana aiki in ya wuce iyaka da ɗan kaɗan, sabuwar shekara na shigowa ana buɗe masa sabon gurbi daga albashinsa na bara, sai rarar ta shige ciki tarar ta tsaya da kanta. Kai ba haka ba ne. In har CRA ta ɗauke ka a matsayin wanda ya bar ƙasar, albashin da kake karɓa a Jidda ba ya buɗe maka gurbin ko sisi, don ba su karɓar haraji a kansa. Saboda haka kar wani ya ce maka "bar shi kawai zai daidaita baɗi", wallahi ba zai daidaita ba, tara ce za ta yi ta cin kuɗin shekara da shekaru. 

Akwai kuma ɗaya gefen da 'yan uwanmu masu fasfo ɗin Kanada da ke aiki a nan suke wasa da shi. Wanda ya bar mata da yara da gida a can ya zo Saudiyya shi kaɗai, CRA na iya cewa har yanzu mazaunin Kanada ne, toh shi albashinsa na nan yana buɗe masa gurbi amma kuma suna bin sa harajin albashin gaba ɗaya, ko da yake Saudiyya ba ta cire harajin albashi. Kai da ka taho da iyalinka da alama ba ka cikin wannan, amma ka tabbatar da matsayinka a rubuce.

Abin yi yanzu: ka tsayar da duk wata oda ta tura kuɗi da ka bar wa banki, sannan ka cire rarar ba tare da jan ƙafa ba. Ka cike fom ɗin T1-OVP ka biya tarar bara, wa'adinsa kwana 90 ne bayan ƙarewar shekara wato ƙarshen Maris, in ka makara akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 na abin da ake bin ka, da kashi 1 duk wata har wata 12. Wajen cirewa ka sani wanda ba mazaunin Kanada ba yawanci ana riƙe masa kashi 25 cikin 100, akwai fom T3012A na neman a sake maka rarar ba tare da an riƙe haraji ba amma yana ɗaukar lokaci kuma tara na tafiya kana jira, nan ne wajen da zan ce ka biya akanta wanda ya san harajin mazauna waje ya auna maka wanne ya fi sauƙi. Sannan ka nemi a yafe maka da fom RC2503, suna duba abu biyu, cewa kuskure ne mai ma'ana kuma ka ɗauki matakin gyarawa. Ba dole ne su yafe ba, amma wanda ya riga ya cire rarar ya fi samun kunnen da zai saurare shi.

TAMBAYA: Malam ni nas ce a wani asibiti a Riyad, ina da takardar zama 'yar Amurka, duk shekara ina sa dala 7,000 a asusuna na ajiyar ritaya na Amurka wanda suke kira Roth IRA. Wata ƙawata ta ce wai ban cancanta ba, alhali ban taɓa wuce adadin ba ko sau ɗaya.
Daga wata 'yar uwa, Riyad.

AMSA: Hajiya adadin kam daidai ne, dala 7,000 a 2024 da 2025, wanda ya kai shekara 50 kuma 8,000. Matsalar ba a nan take ba. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake a duniya, shi ya sa mafi yawan masu aiki a nan suke cike fom 2555 su ware albashinsu na waje daga haraji, har dala 126,500 a 2024, dala 130,000 a 2025. Toh duk albashin da kika ware ta wannan hanya ba a ƙirga shi cikin kuɗin da ke ba ki damar zubawa a IRA. In albashinki kaf ya shige cikin warewar, a idon hukumar harajin Amurka, wato IRS, damarki sifili ce, dala 7,000 ɗin nan gaba ɗaya rara ce.

Tararsu kashi 6 cikin 100 ce duk shekara muddin kuɗin na ciki, dala 420 kenan kan kowace 7,000, kuma ta bara tana haɗuwa da ta bana. Ta shekarar da kike cike wa takardu yanzu za ki iya kauce mata in kika cire kuɗin tare da ribar da suka haifa kafin wa'adin miƙa takardun, har da ƙarin lokacin da ke kaiwa 15 ga Oktoba. Shekarun baya kuma sai fom 5329 na kowace shekara a biya. Ki duba abu biyu kafin hankalinki ya tashi: ko albashinki ya haura adadin da aka ware, don abin da ya haura yana ba ki dama, ko kuma maigida yana da kuɗin shiga da ake biya wa haraji a Amurka kuna cike takarda ɗaya tare.

TAMBAYA: Mu fa Malam da ba mu da Kanada ba mu da Amurka? Shekarata 8 ina aiki a wani shagon kayan gini a Makka, albashina riyal 2,000, wane fansho ke jirana?
Daga wani bawan Allah, Makka.

AMSA: Ɗan uwa gara in faɗa maka gaskiya tun da sauran ƙarfi a jikinka, baƙo mai iƙama ba shi da fansho a GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya. Abin da ake biya a kanka kashi 2 cikin 100 ne na inshorar rauni a wajen aiki, mai aiki ke biya, ba ajiya ba ce da za ka karɓa ranar tafiya. Haƙƙinka shi ne kuɗin sallama, mukafa'ar ƙarshen aiki: rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru 5 na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan, da albashinka na ƙarshe ake lissafi. Naka riyal 5,000 da 6,000, 11,000 kenan. Amma in kai ka ajiye aikin da kanka tsakanin shekara 5 da 10 kashi biyu cikin uku za a ba ka, wajen riyal 7,333, sai ka cika 10 ake ba ka duka, don haka in kana tunanin murabus ka sa wannan a lissafi. Direbobin gida da masu aikin gida nasu tsarin daban ne.

Riyal 11,000 ba za su riƙe tsufa ba, ka fara ware wani abu duk wata ko riyal 200 ne, a inda hannunka da na 'yan uwa ba zai kai da sauƙi ba. Kuma ka shiga Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, yau ka duba albashin da aka rubuta a kwantiraginka, in an sa ƙasa da abin da kake karɓa a hannu ka nemi a gyara, don ranar sallama abin da ke rubuce shi za ka iya kafa hujja da shi.