Fokas da Yashi-Yashi a Hoton Dare: Ina Mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kyamarata tana aiki lafiya lau da rana, amma da zarar duhu ya fara, sai gilashinta ya riƙa kai da komowa, ya kasa tsayawa a kan fuskar wanda nake ɗauka. Idan kuma na ɗaga ISO, wato saitin da yake ƙara wa hoto haske, hoton ya fito da yashi-yashi. Shin lalacewa ta yi, ko sabuwa zan nema? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kuma matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, wato ƙarancin hasken da yake isa ga sensa, farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara.

Kyamara tana kama fokas ne a inda haske da duhu suka haɗu suka yi iyaka, shi ya sa idan ka auna kumatu ko farin bango a cikin duhu, ba ta da abin da za ta riƙe, sai ta yi ta lalube. Ka zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya, ka ɗora shi a kan ido, ko gira, ko bakin wuyan riga. A kyamarorin DSLR (masu madubi a ciki, waɗanda ake canza wa gilashi) da yawa ɗigon tsakiya ya fi sauran ƙarfi, domin yana gane layin tsaye da na kwance. Ka duba ko ƙaramar fitilar taimakon fokas a kunne take, ko da yake ba ta kai nisa. In ta gaza, a haska maka wurin da tocila, ka kulle fokas, sannan a kashe. Idan abin da kake ɗauka ba ya motsi, ka koma fokas na hannu, ka zuƙo hoton a kan allo, ka murza a hankali har gefuna su fito tar.

Game da yashi-yashi, ana yawan ɗora wa ISO laifin da ba nasa ba ne. Yawancinsa yana zuwa ne daga ƙarancin hasken kansa, ISO kuwa ƙara wa abin da aka samu ƙarfi kawai yake yi, mai kyau da marar kyau. Saboda haka wanda ya maƙale a ISO 400 don tsoro, hoto ya fito baƙi ƙirin, sannan ya je yana haskaka shi a kwamfuta, sau da yawa yakan ƙare da yashin da ya kai ko ya wuce na wanda ya ɗauka a 3200 tun farko.

Abin yi shi ne ka ƙara haske kafin ka taɓa ISO. Gilashin da aka saba haɗo kyamara da shi yakan tsuke zuwa f/5.6 idan an zuƙo (lambar f ma'aunin ƙofar shigar haske ce, gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar), alhali gilashin 50mm mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan, kuma fokas ma zai amfana. A ganina wannan ya fi sayen sabuwar kyamara, sai dai ka sani cewa a f/1.8 wurin da yake fitowa tar siriri ne, ido na iya fita hanci ya yi dishi-dishi. Ka kuma rage saurin shata, wato murfin da yake buɗewa haske ya shiga, amma da gilashin 50mm a hannu kada ka sauka ƙasa da 1/50 na daƙiƙa, ga mutum mai motsi kuwa 1/125 ko sama. Na'urar hana rawar hannu ba ta tsayar da yaron da yake gudu. Ga gini ko fili, ka kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ka bar ISO a 100, shata ta daɗe a buɗe. Ko ka ɗauki hotuna 4 iri ɗaya ka haɗe su a kwamfuta, yashin zai ragu da rabi.

Ka riƙa ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ya fi JPEG karɓar gyara. Manhajoji irin su Lightroom, wadda ta samu sashen share yashi mai suna Denoise a 2023, suna share yashi sosai. Ka fara da ɗige-ɗigen ja da kore, waɗanda suka fi muni, amma ka sassauta hannu a kan sauran, domin idan aka wuce gona da iri fatar mutum takan koma kamar roba, gashin gira ma ya ɓace.