Jijiya Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Me Za Mu Kira Rufin Cikin Hanyar Jini?

Wata ɗaliba mai karatun jinya ta aiko da tambaya: "Malam, ana koya mana auna lafiyar wani siririn rufi da ke cikin jijiyar jini, wanda likitoci ke kira endoteliyam. Bangon jijiya zan ce, ko yaya?"

'Yata, kin taɓo inda Hausa ta yi rowa. Kalmar jijiya ita kaɗai ke ɗauke da hanyar da jini ke fita daga zuciya, da wadda yake komawa, da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, har da igiyar naman nan mai tauri da mahauci ke yankewa. Agara ce kawai ta samu sunanta daban. Wadda ake tayarwa a wuya in gardama ta yi zafi kuwa, ta jini ce.

Bango bai yi mini ba. Bango kauri ne da shi, kuma ba ya motsi. Abin da kike nufi shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta layi ɗaya tak. Na so in ce shafi, irin wanda tela ke sa wa babbar riga ta ciki, sai dai yaran yanzu littafi za su tuna. Tantani na zaɓa. Fasa dafaffen ƙwai ki ɓare shi a hankali: wannan farar fatar da ke manne da ɓawo, wadda haske ke ratsawa, ita ce tantani. Ki ce tantanin cikin jijiyar jini.

Kuma aiki yake yi. A 1980 wani masanin kimiyya, Robert Furchgott, ya lura a Amurka cewa in aka goge tantanin nan daga jijiyar zomo, maganin da ke sa ta saki sai ya daina tasiri. Daga baya aka gano tantanin iskar naitirik oksaid yake fitarwa, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, binciken da ya kai Furchgott ga kyautar Nobel a 1998 tare da wasu biyu. Awon da ake koya muku, wanda likitoci a Landan suka bayyana a 1992, a kan haka ya dogara: a ɗaura abin awon hawan jini a hannu, a hura shi ya tare jini minti 5, a saki, sannan na'urar hoto ta duba yadda jijiyar dantse ta buɗe. In ta buɗe sosai, tantani lafiya lau. Ta mai shan taba ko mai ciwon sukari takan yi nawa.

A wuri ɗaya zan bar miki bango. In kina wa dattijo bayani, ki ce masa, "Baba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ƙadangaren shi ne kitsen da ke kutsawa ƙarƙashin tantanin da ya raunana, ya taru har hanya ta ƙuntata. Zai gane kafin ki rufe baki. Amma a takardar jarrabawa, tantani za ki rubuta.