Amsa: Shekara 29, ina gyaran waya, zan iya komawa karatun likita?

Malam, ka ce tun kana yaro burinka likitanci, sai rayuwa ta kai ka gyaran waya a Gombe, kana tambaya ko lokaci ya ƙure. Bai ƙure ba. Ka fara duba sakamakon sakandare: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a zama ɗaya. In akwai giɓi, ka zauna WAEC ko NECO ta 'yan waje, sannan JAMB. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) Bauchi duk suna koyar da likitanci.

Sharaɗin shi ne abincin gida yayin karatun. Karatun shekara 6 ne, sai shekara 1 ta horo a asibiti, in ba a yi yajin aiki ba. Daga aji huɗu kwana kake a asibiti, shago ba zai ga idonka ba, kuma a nan masu iyali suke karyewa. In babu yaron da za ka bar wa shago ya riƙa kawo cefane, ka nemi CHEW, wato kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma, a kwalejin lafiya ta Kaltungo, shekara 3 ce.