Inda za ka samu noti na injin a Kano

Malam, kai da ke tambayar inda za ka shiga da ƙafarka ka sayi noti da washa na injin, fara da Kasuwar Ƙofar Ruwa, wajen masu ƙarafa, in ba a dace ba sai ka gangara Sabon Gari wajejen France Road. Amma don Allah ka tafi da tsohon notin a aljihu, a gwada shi da sabon a gabanka, domin akwai na milimita akwai na inci, ido ba ya rabe su sai ka koma gida ya ƙi shiga. Sannan ka duba kansa, in na milimita ne kuma abu mai nauyi zai riƙe nemi mai lamba 8.8 ko 10.9, wato lambar da ke nuna ƙarfinsa, wanda ba lamba wallahi ban yarda da shi ba.